Masara a Tukunyar Ɗan Wanzami

Tsoro ya fara shigar Malam Sa'idu ne lokacin da ya kifar da tukunya ta biyu a kan tebur, masara ta zubo har ƙasa. Ta farkon, wato ta ɗan dagaci, abin cikinta ko tafin hannu bai cika ba.

Ɗan manomi ne daga Likoro. Bai daɗe da gama kwalejin horon malamai ba aka turo shi wata makarantar kwana a ƙasar Ikara, ana cikin ɗokin samun 'yancin kai. Aikinsa koya wa manyan ɗalibai tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa, kuma yana son aikin kamar ransa. Kullum sai ya ce musu ƙuri'ar talaka da ta basarake nauyinsu ɗaya. Don su gani da idonsu, ya kafa zana a bayan aji, ya ajiye tukwane biyu, kowane ɗan takara da tasa. Kowane yaro ya shiga shi kaɗai, ya jefa ƙwayar masara ga wanda yake so ya zama shugaban ɗalibai. Abin da bai tambaya ba shi ne, tun kafuwar makarantar ɗan gidan dagaci ake naɗawa.

Iliyasu ne ya ci, ɗan wanzamin dagacin.

Kashegari hedimasta ya kira shi. "Malam Sa'idu, koyarwa muka ce ka yi, wa ya ce ka gwada? Dagaci ya kai ƙara ofishin ilimi a Zariya. Je ka gyara, in kana son aikinka."

Malam Sa'idu ya ja Iliyasu gefe, ya roƙe shi ya sauka. Yaron bai yi musu ba. "Wallahi Malam, ni ma sauka nake so. Baba ya je aski da safe, dagaci ya ƙi cire hula."

Amma 'yan aji suka ƙi yarda a soke zaɓen. Wani dogon yaro daga Gubuchi ya miƙe. "Allah gafarta Malam, ba kai ka ce ko Firimiya bai isa ya soke ƙuri'a ba? Ko mu goge wannan, ba zai fito a jarrabawa ba?" Aka kwashe da dariya. Malam Sa'idu bai taɓa ganin darasinsa ya zauna wa yara a kai haka ba.

Da la'asar ya nufi gidan dagaci, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar zaure. Aka ce masa ya koma, magana ta riga ta tafi.

Har yanzu Iliyasu ne shugaban ɗalibai, ba da son ransa ba. Malam Sa'idu kuwa ya koma koyar da sunayen koguna da duwatsu. Ko za a bar shi a bakin aiki, ko za a sallame shi, Zariya ba ta ce komai ba tukuna.