Ƙulli Goma Sha Tara

Kullum da azahar Malam Isyaku, mai gadin wata masaƙa a Bompai, yana ganinta a bakin ƙofa. Bai san sunanta ba. Dattijuwa ce siririya, jan saiwa ya rine mata tafin hannu, tana riƙe da kwalba da ɗan ludayi. Daga hakin da take yi ya san tafiyar da nisa, ƙila daga Hotoro.

Ɗanta take jira, dogon ma'aikacin nan da farfaɗiya ta kayar a gaban inji watan jiya. Heluma, shugaban ma'aikatan, ya ce in ya sake faɗuwa, aiki ya ƙare. Tun ranar ba mai haɗa kwano da shi, wai a yawu ake ɗaukar ciwon.

Ga shi ya fito. Tana auna jiƙon saiwar da ke kwalbar daidai bakin ludayi, yana shanyewa da yamutsa fuska.

"Yau fa, Abdulwahid?"

"Ko jiri babu, Inna."

Sai ta zaro wani zare daga bakin zane ta ƙara ƙulli ɗaya. Malam Isyaku ya gane cewa ba rantsuwar mai magani ta riƙa ba, gwadawa take da kanta, kwana-kwana. Ƙulli sha tara ke nan, kwana sha tara bai faɗi ba.

"Iya, ki dai ware masa ludayinsa," in ji wani ma'aikaci.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsiyaya ruwa a ludayin, ta sa baki daidai inda ɗanta ya sha.

"Shekara ashirin da uku ina shan ragowarsa, yaro. Ka ga na faɗi?"