Ranar da Aka Nuna Mahaifiyata a Majigi

Ni 'yar fari ce, kuma mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. A Maradun, inda aka haife ni, wannan ba abin magana ba ne, kunya ce, kowa ya san da ita. Idan tana son aikena sai ta dubi bango ta ce, "Wani shi ɗauko man faifai." Ni ce wanin. Ƙannena suna ce mata Inna, ni kuwa Yaya nake ce mata, haka aka koya mini. Na san al'ada ce, ba wanda ya fi ni sani. Amma sanin bai hana ni jin zafi ba duk lokacin da na ga ta ɗora ƙanwata a cinya tana yi mata tsifa, ni kuma an tura ni wajen yayarta, wadda muke ce wa goggo. Har na yi aure, na dawo Talata Mafara da koyarwa, tambaya ɗaya tana kwance a raina: matar nan tana sona tana ɓoyewa ne, ko kuwa babu abin ɓoyewar?

Ina 'yar budurwa, kafin hanyoyinmu su lalace, wata mata daga Birazil ta zo garinmu da kyamara. Fatarta ba ta fi tawa haske sosai ba, amma duk unguwa Baturiya ake ce mata. Irin fim ɗin nan take yi na rayuwar mutane ta gaske, ba wasan kwaikwayo ba, kuma matan da ke matsar man gyaɗa take nema. Ita kuwa Yaya a ƙuli-ƙuli ba ta da ta biyu. Matar ta shafe makonni tana zama a tsakar gidanmu, ta ɗauki suya, ta ɗauki bakace, ta ɗauki juya ƙullu a turmi har mai ya taso. Tun muna noƙewa har muka manta da ita, ta zama kamar turmin gidan. Daga baya ta tafi, ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Shekaru sun ja, sai wasu matasan Mafara masu son harkar fim suka shirya bikin nuna fina-finai, wai har da baƙi daga ƙasashen waje. Na yi musu dariya, na ce wa zai baro ƙasarsa ya zo nan? Sai ga su sun zo. Akwai wani dogo daga Senegal mai fim a kan masunta, da wani tsoho daga Japan, da matar nan tamu, gashinta ya yi fari fat. Ita ce ta nace sai an nemo mata matar Maradun mai ƙuli-ƙuli, domin fim ɗin ya zaga duniya amma masu shi ba su taɓa gani ba.

Shawo kan Yaya ya fi kawo baƙin wuya. "Mi za ni gani? Ban san fuskata ba?" in ji ta. Sai da goggo ta taso daga Bakura ta ce ko an je da Yaya ko ba a je ba, ita dai za ta ga kanta a majigi, sannan Yaya ta yafa mayafi tana mita suka hau mota.

Da hantsi aka fara, saboda baƙin su koma masauki da sauran rana. An toshe tagogin zauren da barguna, janareto yana ta faman tari a waje. Kafin a zauna sai da aka sha gaisuwa. Wasu dattawa daga garin Damri suka samu tsohon nan na Japan, su ce "Ina gajiya?" ya rusuna, su ce "Ina mutan gida?" ya ƙara rusunawa, su ma su rusuna masa. Ba mai niyyar fara gajiya. Da ba a zo an raba su ba, ina jin da har azahar suna nan. Wani dattijo ya juyo yana cewa, "Wanga mutum ya san girman mutane."

Matar Birazil na ganin Yaya ta rungume ta tana hawaye. Yaya ta sandare, hannuwanta a ƙasa, tana cewa, "To, to, lahiya lau, ya isa." Aka zaunar da su a gaba. Ni na zauna a bayansu, domin ko a gida ba ma haɗa tabarma.

Aka fara da masuntan Senegal, masuntanmu na bakin madatsar ruwa suna ta gardamar girman kifin. Sannan aka saka namu. Ga tsakar gidanmu, ga bishiyar dalbejiyar da aka sare tuni, ga Yaya da ƙuruciyarta. Mata suka ɗauki shewa. Can sai ga ni, siririya, na durƙusa ina murza ƙuli-ƙuli. Aka ji muryar tafinta a cikin fim ɗin yana tambayar Yaya, "Wannan fa, 'yarki ce?" Yaya ta kawar da kai ta ce, "Ɗiyar yayata ta." Zauren ya yi 'yar dariya, don kowa ya gane. Ni ban yi ba. Na sha jin wannan amsar, amma ban taɓa jin ta da lasifika ba, sai na ji ta soke ni sabuwa.

Daga nan fim ɗin ya koma kaina, abin da ban taɓa tsammani ba. Kullum ni ina duƙe, na ba Yaya baya, don haka ban san abin da ke faruwa a bayana ba. Kyamara ta sani. Rana ta juyo tana dukan wuyana, sai Yaya ta ja turminta, ta koma ta tsaya inda inuwarta za ta rufe ni. Mai ya fantsamo daga kasko na janye hannu, sai ga ta ta zabura, taɓarya ta kusa suɓuce mata, sannan ta waiga ko wani ya gan ta. Aka nuna ta tana tsame ƙuli-ƙuli, tana ware waɗanda suka fi soyuwa a wani ɗan kwano, ta miƙa wa goggo, ta nuna ni da haɓa. Duk shekarun nan goggo nake yi wa godiyar kwanon nan.

Da aka kunna fitila, aka ba matar Birazil abin magana, wani malamin makaranta yana fassarawa. Ta ce duk ƙasar da ta nuna fim ɗin, wurin nan ne yake sa mutane kuka. Ta ce ba ta taɓa ganin mace ta so ɗan wani kamar yadda wannan baiwar Allah ta so 'yar yayarta ba, har fiye da 'ya'yan cikinta.

Zauren ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Baƙuwar ta yi sororo, tana duban tafinta ko ta yi ɓaranɓarama. Goggo ce ta miƙe, tana share hawayen dariya, ta nuna ni ta ce, "Gaya mata ni ce yayar, kuma ban haifi wagga ba. Ɗiyarta ta, ta fari. Kunya ta ka hana ta faɗi." Sai da malamin ya daɗe yana bayani. Na ga matar ta dafe baki, ta dube ni, ta dubi Yaya. Sannan ta tambaya a hankali, "Gaskiya ne? Taki ce?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ba ta amsa ba, kuma na san ba za ta amsa ba. Abin mamaki, a karon farko ban ji ina bukatar amsar ba. Ina zaune a bayanta ina kuka kamar yarinya, ga ɗalibaina suna kallo, ko a jikina.

Na raka su tasha da la'asar. Goggo na gaba tana ba kowa labarin yadda ta fito a majigi. Yaya na tafe a gefena, ba ta dube ni ba. Sai da ta sa ƙafa a mota, ta gyara mayafi, ta fuskanci gilashi ta ce, "Wagga baƙuwa ba ta da kunya. Na ba ta tabarma, na ba ta abinci, ta tashi ta tona man asiri gaban mutane."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

Ta ce wa gilashin, "Wani shi koma gida, rana ta yi mai yawa."