Tururuwar Rumbun Iya Abu

A daminar da ta biyo bayan shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a Yasore, sau ɗaya muke cin tuwo a yini. Bayan magariba mukan kewaye murhun kakarmu, Iya Abu, ta yi mana tatsuniya ko ma manta da cikinmu. Ni dai ban taɓa mantawa ba. Kunnena na wurinta, idona na kan tukunya.

"Mijin nawa, bar kallon tukunyar nan, ba komi ciki," in ji ta. "Matso ka ji wata."

Wai wata mata ce, kullum takan zari dami daga rumbu ta inda hannunta ya kai, har ciki ya zama ramuka. Tsaba ta zube saƙo-saƙo, sabon dami kuma ya rasa wurin zama. Sai tururuwa ta ce za ta gyara mata, amma sai kowa ya tafi gona za ta shiga, kuma da an taɓa murfin rumbu za ta dakata. Haka ta riƙa yi kaɗan-kaɗan, tana matsa dami jikin dami, tana tara abin da ya zube. Rumbun da aka ce ya ƙare ya ci gaba da ciyar da gida.

Matar ta ji daɗi, ta ce a yi aikin ba tsayawa. Tururuwa ta rufe rumbu kwana uku, yara na kuka a waje.

"Kun ji ko? Gyara na da lokacinshi. In mai yunwa ya zo, a ba shi hanya."

Yanzu ni ke kula da kwamfutocin wani ofis a Safana. Faifan ajiyarsu ma haka yake: a sa, a goge, bayanai su warwatse, na'ura ta yi nauyi. Sai na saita su su riƙa tattara kansu da azahar, lokacin da kowa ya tafi masallaci. Da an taɓa su, gyaran ya dakata. Ranar da na fara ganin haka, sai na tuna tatsuniyar Iya Abu. Ina tsohuwar da ba ta taɓa ganin lantarki ba ta san wannan?

Da na je gida na ba Inna, mahaifiyata, labari. Ba ta yi dariya ba.

"Ai ita ce tururuwar," ta ce. "Kuna gona take hawa ta shiga rumbu, da tsufanta, tana tara tsaba da tafin hannu. Da ta ji motsinku ta fito, kada ku ga ƙasan rumbun ku karaya. Abin da ya kai mu sabon gero ke nan."

Duk daminar nan ina kallon tukunya, ban taɓa duba hannun Iya Abu ba.