Eilert da Ya Raba Taraktarsa Gida Biyu

A kwarinmu, idan aka ambaci Eilert Lunde, kafin a tuna tumakinsa ko matarsa Borghild sai an tuna taraktarsa da ya raba gida biyu. Ya shigar da ita rumfa, ya tokare ta da jek da kututture, ya kwance notocin tsakiyarta, ya janye bayanta daga gabanta, har mutum na iya wucewa ta tsakani da kofi a hannu. Mun wuce ɗin kuwa, mu huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Kwana shida ya yi yana laluben cutar da ke cikinta. Bai samu ba, don lafiyarta ƙalau.

Ni ne mai kantin ƙauyen, Halvard. A kusurwar kantin akwai tebur ɗaya da dattawa ke shan kofi da hantsi, kuma kujerar da ke jikin taga ta Eilert ce tun zamanin mahaifina. An haife shi a gonar Lunde, wadda ke maƙale a jikin dutse can sama da ruwa, mai gangaren da idan ka ajiye bokiti sai ka gangara bakin hanya ka ɗauko shi. Tumaki talatin yake kiwo, amma abin da aka san shi da shi kunne ne. Inji na wucewa a titi zai ajiye kofi ya ce, "Wannan ba zai ga Kirsimeti ba." Kuma ba ya gani ɗin.

Ya gyara wa kowa inji a kwarin nan, bai taɓa karɓar komai ba sai dariya. Ita kam yana karɓarta har da ƙari. Oddvar Tveit, maƙwabcinsa na ƙasa, ya taɓa zuba fetur a tankin dizal. Eilert ya wanke masa tankin a wuni ɗaya, sannan ya shekara ashirin da biyu yana kiransa Mai Fetur, har a gaban fasto.

Borghild ta rasu a watan Nuwamba, bayan shekara hamsin da ɗaya tana ciyar da shi. Duk ranar Alhamis dunƙulen dankali ne da naman tunkiya mai gishiri, kuma ba ta barinsa ya tashi sai ya ci huɗu. Ranar jana'iza kowa ya riƙe hannunsa da ƙarfi, shi ke nan. A wurinmu ba a tambayar namiji yadda yake. Ana tambayarsa ciyawa, ana tambayarsa tumaki, ana tambayarsa tarakta, shi kuma ya amsa daga inda ya ga dama.

'Yarsa ɗaya ce, Solfrid, tana birnin Bergen. Da dusar ƙanƙara ta narke ta zo, ta sa aka tafi da tsohuwar taraktarsa mai shekara arba'in, wai wata rana za ta kife da shi a gangare. Ta kawo masa wata ƙarama, ja, wadda aka ɗan yi aiki da ita. A kantina suka yi maganar, ina jin su daga bayan kanta.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Idan ciyawa ta shiga rumbu kafin ƙarshen Yuli, ka zauna abinka. Idan ba ta shiga ba, a sayar da tumakin, ka dawo kusa da ni. Na riga na ga ɗakin, har da baranda."

"Baranda," in ji Eilert. "Tumaki nawa take ɗauka?"

"Baba."

"Na ji. Ƙarshen Yuli."

A bayan kowace tarakta akwai guntun ƙarfe da ke juyi, farfela, wanda ake haɗa injin yankan ciyawa a jikinsa. Idan farfela ta tsaya, wuƙaƙe sun tsaya. Ranar farko ta yankan ciyawa Eilert ya kunna ta a tsakar gida, tana juyi sumul. Ya shiga gangare, bai yi taku ashirin ba ta ɗauke. Ya sake kunnawa, ta yi taku goma ta ɗauke. Ya koma fili, ta juya kamar ba ita ba.

Washegari Oddvar ya tare shi tun daga ƙofa.

"Yaya amaryar taka, dattijo? An ce tana yi maka yaji."

"Waya ce ta saki," in ji Eilert. "Kafin azahar an gama. Kai dai ka kula da tankinka, Mai Fetur."

Ba waya ba ce. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya canza fis. Ya zare makunnin da ke gaban sitiyari ya goge, ya juye mai ya zuba sabo, ya wanke matacinsa. Littafin da aka kawo taraktar da shi kuwa yana nan cikin ledarsa, don a faɗar Eilert littafi na waɗanda Allah bai ba kunne ba ne. Matsalar ita ce wannan cuta ba ta da ƙara. Farfela tana juyi, sai kawai ta daina, tsit.

A kwana na biyar Oddvar ya hau gonar, wai ya zo duba shinge. Mutum ne da idan ya zauna a kantina kujera sai ta yi kuka. Ya haye taraktar ba tare da an ce ya hau ba, ya yanke layi ɗaya har ƙarshen gangare, ya juyo ya yanke na biyu. Ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba. Ya sauko yana karkaɗe wando.

"Lafiyarta ƙalau, maƙwabci. Ko dai direban ne ke bukatar gyara?"

Da safe, kafin Eilert ya iso, Oddvar ya ba mu labarin yana share hawayen dariya. A ƙarƙashin kujerar irin waɗannan taraktocin akwai ɗan makunni. Sai nauyin mutum ya danne kujera farfela take aiki, da ya ɗaga ta tsaya, don kada wani ya faɗo wuƙaƙe su bi ta kansa. Tsohuwar taraktar Eilert ba ta san wannan zancen ba.

"Tawa ma tana da shi," in ji Oddvar. "Ku dubi Eilert mana idan ya shigo. Riga ce kawai take tafiya. A fili yana ɗan danne kujerar. Da ya shiga gangare ya karkata, tarakta ta ci karo da dutse, sai ya tashi sama kamar ganye. Ita kuma ta ɗauka ba kowa a kanta."

Na ce, "To ka gaya masa mana."

"Ya tambaye ni? Shekara ashirin da biyu ina Mai Fetur, Halvard. Bari mai kunne ya saurara."

Gaskiya ne, a wurinmu ba a ba mutum shawara a kan injinsa sai ya nema, cin fuska ne. Gaskiya ne kuma dukanmu mun san Eilert ba zai nema ba. Muka fake da al'ada muka gyara zama. Kowa ya faɗi ranar da yake ganin zai gano. Ni na ce Juma'a. Da ya shigo na dube shi da kyau, karon farko tun Nuwamba. Ya huda sababbin ramuka biyu a bel ɗinsa da ƙusa. Ni nake sayar masa da kayan abinci, na kuma san wata bakwai ke nan ba ya ɗaukar komai sai kofi da busasshen burodi. Na zuba masa kofi na ce, "Yaya tarakta?"

Juma'a ta wuce. Ranar Litinin ya yanke cewa kulocin farfelar ne, can cikin cikinta, kuma ba a kaiwa gare shi sai an raba tarakta. A kwana shidan nan rana ta fito irin wadda ba ma samu sai sau ɗaya a shekara uku. Kowa ya yanka ciyawarsa, ta bushe, ta shiga rumbu. Mu kuma muka riƙa hawa gonar Lunde kallo.

"Ka duba ko akwai ɓera a ciki?"

"Raba ta huɗu, dattijo, ƙila a kashi na uku cutar take."

Yana durƙushe, ya shimfiɗa faifan kuloci a kan tsohon zanen teburin Borghild, yana juya su ɗaya ɗaya a haske, duk kamar yau aka ƙera su. Na buɗe baki sau biyu. Sau biyun Oddvar ya dube ni, na rufe.

Ranar da ya ɗaure notin ƙarshe ruwa ya sauko, ya kwana goma sha ɗaya bai ɗauke ba. Ciyawar ta kwanta, ta fara baƙi daga ƙasa. Matar Oddvar ta buga wa Solfrid waya, wai don tausayi, ta ce mata mahaifinta ya farke lafiyayyar tarakta gida biyu, kuma kowa ya hau tana aiki sai shi. Solfrid ta iso ranar ashirin da tara ga Yuli.

"Baba, mutum nawa suka gwada ta?"

"Tana ɗaukewa, Solfrid."

"A hannunka kaɗai."

"Tana ɗaukewa."

Ta riƙe hannunsa ta yi masa magana a hankali, irin yadda ake yi wa wanda kansa ya fara taɓuwa. Ina ganin wannan ya fi duk dariyarmu yi masa ciwo.

Motar ɗaukar tumaki ta zo ranar Asabar, muka je taya lodi. An gama, sai Eilert ya tuna saura buhu ɗaya na abincinsu a rumbu, ya ce su tafi da shi, sun saba da shi. Ba wurin ajiya a ƙaramar tarakta, sai ya ɗora buhun a cinyarsa ya gangaro ta cikin gona. Injin yanka na nan haɗe a baya. Ko sabo ne ko haushi, ya kai hannu ya kunna farfela. Ta kama. Ya yi taku ashirin, hamsin, ɗari, ciyawa na zubewa a bayansa.

Ya tsaya. Ya sauke buhun, ya ja, ta ɗauke. Ya ɗora, ta kama. Sau uku ya yi haka muna kallo daga bakin hanya, tumakinsa na kuka a cikin mota. Sannan ya sauko, ya ɗaga kujerar ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe. Da ya ɗago, mu ya duba. Oddvar ne kaɗai ya yi dariya, ita ma ba ta yi nisa ba.

Motar ta tafi ba buhun. Eilert ya yanke gonar duka a ranar, buhu a cinya, layi bayan layi, ruɓaɓɓiyar ciyawar da ba mai ci. Yanzu Oddvar ne ke noma gonar Lunde.

Eilert yana Bergen, hawa na uku, da baranda. Duk Alhamis ɗin farkon wata yakan hau bas ya zo ya zauna jikin taga. Na koyi yin dunƙulen dankali, ina sa masa huɗu, yana cin ɗaya da rabi, ya ce na Borghild ba sa manne wa haƙori. Oddvar bai daina ba, ya daɗe yana jiran nasa lokacin. Watan jiya ya ja masa kujera da kansa.

"Zauna a hankali, Mai Buhu. Halvard, kawo masa buhun gishiri, kada kujera ta ce ba kowa a kanta."

Aka yi dariya. Eilert ya gama tauna lomarsa, ya goge baki.

"Ku bar zagin taraktar nan," in ji shi. "Wata bakwai ina zama da ku a teburin nan kullum. Ita kwana ɗaya na zauna a kanta ta gane na rame."