Zabuwar Jibo Direba

Duk wanda ya taɓa hawan motar Jibo Direba daga Bagudo zuwa Kamba ya san ba a yi masa gaggawa. Kaza ta tsaya a tsakiyar hanya, sai ya taka birki, ya leƙo kai ta taga ya ce, "Ranki ya daɗe, a wuce lafiya." Fasinja na ta tsaki, buhunan shinkafa na zamewa kan ƙafafun mutane, shi ko a jikinsa. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce, kuma gonar Jibon ba ta taka kara ta karya ba. Dukiyarsa a duniya magana ɗaya ce, kun sha jin ta: "Tun da na kama sitiyari, ban taɓa taka ko kaza ba."

Ni taubashinsa ne, ɗan kawunsa, kakarmu ɗaya. Tun muna yara ba ni da aikin da ya wuce tonon asirinsa a gaban jama'a, shi ma haka.

Wata rana a Kurgu agwagwa ta fito da 'ya'yanta a jere, Jibo ya kashe mota ɗungurungum. Akwai wani akawu ɗan Kudu a kujerar gaba, sai duba agogo yake yi. Ya ce da Hausarsa ta ofis, "Direba, lokaci yana tafiya." Jibo ya ce, "Bar shi ya tahi, akawu. In ya iso nan, shi ma tsayawa zai yi."

Ga shi da tsimin mai kamar daga jininsa ake tatsowa. In an zo gangara sai ya kashe inji, mota ta gangara da ikon Allah. A kusa da Lafagu ta ƙi tashi, duk muka sauka turi, har da wani ango da babbar riga. Na ce, "Jibo, mun biya kuɗin mota ne ko kuɗin turi?" Ya ce, "Tura dai. Wanga motsa jini kyauta na ba ku shi."

To, shekarar da aka samu 'yancin kai, bayan an gama girbi, Jibo ya zo mini da shawara. Wai Faransawa ma sun bar Dahome, mu tsallaka mu ga abin da suka bari, musamman wata gada da ake ta labari an ɗora wa kogin Kwara a Malanbil. Ba fatauci, ba ziyara, yawon buɗe ido kawai. Muka haye kogi a kwalekwale, muka bi ta Tsamiya, muka shiga wata motar kaya har Kandi.

A can muka samu wani ɗan kasuwa mai ba da hayar 'yar ƙaramar mota. Ya ce zai haɗa mu da direbansa, ɗan gari ne, ya san hanya. Jibo ya dube shi sama da ƙasa.

"Direba? Ni za a ba direba? Tambayi wanga ko ni wane ne."

Na ce, "Sarkin kajin Bagudo ne." Mai mota bai gane ba, ya miƙa makulli.

Jibo ya buɗe ƙofar dama ya zauna, ya miƙa hannu, babu sitiyari. Yana can hagu. Ya zagaya yana girgiza kai, ya ce, "Ka ga aikin Faransawa. Mota sukutum, sun manna mata sitiyari a gefen fasinja."

Ku yaran yanzu ba ku sani ba, a lokacin mu a Najeriya hannun hagu ake tuƙi. Su kuwa can hannun dama. Ba wanda ya faɗa mana, mu ma ba mu tambaya ba. Jibo ya kama hagunsa tsaf. Mai keke na farko ya faɗa ciyawa yana zagi. Na biyu ya jefar da keken ya ruga. Jibo ya ce, "Allah sarki, 'yancin kai ya hau musu kai. Gari guda ba wanda ya san hannunsa." Ni ma, wallahi, na yarda da shi, har ina taya shi ɗaga musu hannu su koma gefensu.

Sai ga wata ƙatuwar motar gyaɗa ta taso mana gaba da gaba. Jibo na matsa ham, ita ma tana matsawa, ba mai niyyar kaucewa. Da na ga fuskar direban ƙarara na fara salati. Jibo ya murɗe sitiyari, muka bar hanya, muka ratsa dangar wani gida. Na ji wani abu ya yi ƙara ƙarƙashin taya, gashi ya tashi.

Direban motar gyaɗar ya sauko, Bahaushe ne. Bai ko yi faɗa ba. Ya ce, "Daga ƙasar Ingilishi kuka fito ko? Nan dama ake bi." Jibo bai ji shi ba. Yana durƙushe gaban taya, yana kallon abin da ya taka. Kaza ce wake-wake, mai ɗigon baƙi da fari. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, har tsoro ya kama ni.

Wata tsohuwa ta fito daga gidan tana faɗa da Dendanci, yaren mutanen wurin. Jibo ya ba ta haƙuri har ta sauko, sannan ya juyo gare ni, bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce, "Ta ce zabuwarta ce." Ya manta kakar nan tamu da ta koya masa Dendanci ita ta goye ni. Na ji abin da tsohuwa ta ce sarai. Ga dama ta samu wadda taubashi ke jira shekara da shekaru, amma da na buɗe baki sai na ji na ce, "Ai da gani zabuwa ce."

Bai sake taɓa motar ba. Aka aika Kandi, direban nan da ya raina ya zo ya ɗauke mu. Jibo ya zauna a baya, can sai ya fara nuna mini gonakin auduga da mata masu tallan doya. Da muka hau gadar ya leƙa ruwa ya ce, "Ashe a baya ake ganin gari. Shekara da shekaru hanya kaɗai nake gani." Daga ranar, duk wanda zai tsallaka iyaka, ko Makka za shi, sai Jibo ya tare shi: "Kada ka karɓi makullin kowa. Ba ɗan gari sitiyari, kai ka hau baya."

Da muka dawo kirarinsa bai canja ba, sai dai ya samu jela: "Ban taɓa taka ko kaza ba. Zabuwa dai, sau ɗaya, ita ma a ƙasar waje." Bayan yaƙin basasa, da gwamnati ta mayar da mu hannun dama, direbobin tasha suka taru wurinsa neman darasi, wai shi ya taɓa tuƙi a Dahome. Ya tsaya yana koya musu da gadara. Na matsa kusa na ce, "Malam, kai da ko taku ɗaya ba ka yi a dama ba?" Ya ce, "Na ga masu yi, kusa da kusa."

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi bayan azahar. An kawo masa farfesun zabuwa ya ƙi ci, kamar yadda ya saba ƙi tun dawowarmu. Ya sa aka ba mu wuri, ya kama hannuna.

"Taubashi, kaza ce."

Na ce, "Tsufa ya rikita ka. Zabuwa ce, da idona na gani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Na san ka ji tsohuwar nan. Kai da bakinka ba ya rufuwa, mi ya hana ka?" Sai hawaye suka zo mini. Ya ce, "In na tahi, ka faɗa musu. Kada in je gaban Allah da ƙaryar zabuwa."

To, ga shi na faɗa, Jibo. Kaza ce, guda ɗaya, a duk tsawon rayuwarka. Ya Allah, bawan nan naka ya tsaya wa kowace halitta a kan hanya, Ka ji ƙansa, Ka sauƙaƙa masa tasa hanyar, Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Amin.