Ranar da Randa Ta Haɗiye Iya Kyauta

Ƙafafu biyu kawai Zuliha ta gani suna harbin iska, silifa ɗaya na reto a babban yatsa. Sauran Iya Kyauta duk yana cikin randa. Turmi ta kife ta hau don ta kankare cikin randar da take gini, turmin ya goce, randa ta karɓe ta har ƙugu. Daga can ƙasa muryarta ke fitowa kamar mai magana a rijiya.

"Wa ke nan? Ja ni sannu, kar ki taɓa mini bakinta, bai sha iska ba!"

Zuliha, maƙwabciyarta ta katanga ɗaya, sai da ta ci dariyarta ta ƙoshi sannan ta kama ƙafafun. Kafin la'asar duk garin Jiratawa ya ji, kuma ba sai an tambayi wanda ya kai labarin ba.

Iya Kyauta tun tana budurwa take cikin laka. Gajera ce, randunanta kuwa sai su kai mata ƙirji. Lakar fadama take jiƙawa, ta zuba dakakken tsingaro, ta tattake da ƙafa. Gindin a kan tsohuwar tukunya kifaffiya take buga shi, in ya ɗan taurara ta juyo shi, ta dinga murza laka kamar igiya tana ɗorawa. Randar ba ta motsi, Iya ce ke zagaya ta da baya da baya tana shafa, har ƙasar wurin ta yi hanya kamar ta tururuwa. Zuliha takan ce da a miƙe take wannan tafiya, da tuni ta isa Makka ta dawo.

Aikin ciki ne mai wuya. Dole ta zura rabin jikinta da sakaina a hannu, kuma a nan mijinta Nomau yake shigowa. Ko yana tsakiyar ban ruwa a lambu, ya san lokaci. Zai zo ya kama ɗamararta ta baya ya tsaya har ta gama. Haka suka tsufa. Bara Allah Ya yi masa rasuwa, Iya ta koma ƙananan tukwane da tuluna. Wannan ce babba ta farko tun bayansa, kuma ba ta sayarwa ba ce. A bakin hanyar lambu take son girke ta, kowa ya sha, ladan ya isa kabarinsa. Kunya ta hana ta kiran wani ya riƙe ta.

Washegari sai ga autanta Hamidu, tela ne a Sabon Gari cikin Maraɗi, ya taho a adaidaita, sanye da fararen kaya.

"Inna, ɗauko kayanki mu tahi. Ga ɗaki, ga firigo mai sanyaya ruwa. Jiya randa, gobe kuma mi? Da Zuliha ba ta gida hwa?"

"Da ina can har yanzu, da sanyi ma," in ji Iya. Amma muryarta ta yi ƙasa. Ta san in ta shiga adaidaitar nan, ita da laka sun yi bankwana.

Ta yaye tsumman da ta rufe randar. Ta kama hannun Hamidu ta zura ciki. Gefe guda sumul, gefe guda kaca-kaca.

"In aka gasa ta haka, nan za ta tsage. Ta ubanka ce."

Hamidu ya zare hannunsa. Ya dubi hanyar da ƙafafunta suka haƙa a ƙasa. A gefenta akwai wani ɗan gurbi da ya lotsa, inda mahaifinsa ke tsayawa. Ya jima yana kallonsa. Sai ya leƙa waje ya sallami mai adaidaita, ya naɗe hannun riga, ya sa ƙafafunsa cikin gurbin.

"Hau, Inna. Amma daga yau, in za ki yi babba, ki sa a kira ni ta salula. In ba ni nan, ba leƙa randa."

Ta hau turmi, ya kama ɗamara, ta nutse. Sai ƙarar sakaina kawai, ƙarr, ƙarr. Laka ta ɓata fararen kaya, gumi ya karyo masa. Zuliha ta ɗora haɓa a kan katanga, ta yafito mata biyu su zo kallo.

"Tela, riƙe da kyau! Ka sake ta, yau har garin Tsibiri sai an ji!"

"Inna, ki yi sauri don Allah," in ji Hamidu. "Mutane na kallonmu, kuma bayana zai ɓalle."

Muryar ta taso daga cikin randa, ta cika gidan.

"Su kalla! A bayan nan na goya ka ina zagaya randa kana mini hitsari, ban ce wash ba. Ubanka da hannu guda yake riƙe ni, gudan yana ɓare goro!"