Ƙullin da ke Bakin Mayafin Nana Hauwa

A wani ƙauye gab da Lambara, kowa ya san Nana Hauwa mai ƙuli-ƙuli, amma ba mai zama ya ji bakinta. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, na Sakkwato daban, na Bodinga daban. Jikoki in sun zo da salla, idonsu na kan waya. Tatsuniyoyin da ta gada wurin kakarta suka taru mata a ciki ba mai karɓa, kuma abin yana cinta.

Tana kasa farantinta ne a gindin tagar ajin 'yan ƙanana na makarantar garin. Daga nan take jin Malama Basira tana fama da Turanci, tana nuna hoton tuffa, yara sun yi tsit kamar ruwa ya ci su. Yaran da ko a mafarki ba su taɓa ganin tuffa ba, me za su ce?

Wata rana malamar ta gaji, ta leƙo. "Inna, ki shigo ki yi musu gatana, tatsuniyoyin nan naki, ko bakinsu ya buɗe."

"Da rana tsaka? Ɗiyata, wanda duk yay yi gatana da rana ɓacewa shikai, sai in an ɗaure Gizo."

"To ki ɗaure shi, Inna."

Nana Hauwa ta ƙulle bakin mayafinta tam, ta shiga. Da ta ce ga ta nan ga ta nanku, ajin ya amsa da murya ɗaya, har da Zahra'u, wadda aka ɗauka kurma ce. Daga nan kullum sai ta ƙulla, in labari ya ƙare yara su yi rububin kwancewa. Malama kuwa da kurayen labarin take koya musu ƙidaya. Wata huɗu Nana Hauwa tana tashi da safe da sanin akwai masu jiranta.

Ranar wata Juma'a aka kaɗa ƙararrawa Gizo yana cikin rijiya, Ƙoƙi na riƙe da igiya. Nana Hauwa ta ce su bari sai Litinin.

Ran Litinin ta tarar an yi wa Malama Basira canjin wurin aiki zuwa Shagari. Sabon malamin yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce ta zo ƙarasa wa yara gatana.

"Ki yi haƙuri, Inna. Abin ga ba shi cikin tsarin da anka ba ni."

Ta koma gindin taga. Da aka tashi, Zahra'u ta tsaya gaban farantin. "Kaka, Gizo ya hito?"

"Bai hito ba tukun."

Damina biyu ke nan. Mayafin ya koɗe, ta wanke shi ba adadi, amma ba ta kwance ƙullin ba.